Prius Ƙirar 2008 da Ta Ƙi Tashi Bayan An Ƙara Mata Gas: Nazarin Yadda AUTO Ke Aiki a Motar Haibrid

Lamarin da za a bi a nan ba baƙo ba ne ga masu gyaran motocin haibrid, wato motocin da ke haɗa injin fetur da lantarki, kuma kusan da siffa ɗaya yake zuwa. Mota ce Toyota Prius ƙirar 2008, kwatano daga Amurka, ana zirga-zirga da ita a cikin Kano. Da bazara ta kankama, zafi ya haura digiri 40, sai mai motar ya lura iskar AC ta rage ƙarfi, sanyin kuma yana gushewa da tsakar rana idan an shiga cunkoso. Ya kai ta wurin mai gyaran AC na gefen titi. Aka ɗaura geji, aka ƙara gas, aka kuma ɗura ɗan mai "don kwamfireso ya saki jiki". Kwamfireso shi ne famfon da ke matsa gas ɗin AC yana zagaya shi. Bayan 'yan kwanaki jan alama mai kusurwa uku ta kama a dashbod. Ya kashe motar a gida, da safe ya danna maɓalli, kalmar READY, alamar cewa motar ta tashi, ta ƙi fitowa.

Matsala biyu ce a nan. Ta farko ta rashin sanyi, ta biyu kuma gyaran ne ya haife ta. Ba za a gane ko ɗaya ba sai an san abin da ke faruwa idan aka danna maɓallin AUTO na AC.

Abin da kwamfutar AC take lissafawa

A tsohuwar mota, direba ne ke yanke hukunci: ya murɗa fanka, ya murɗa sanyi, ya zaɓi inda iska za ta fito. A tsarin AUTO direba lamba ɗaya kawai yake bayarwa, wato zafin da yake so cikin motar ya tsaya a kai. Sauran aikin na wata ƙaramar kwamfuta ce da ke sauraron sensa biyar.

Akwai ta cikin mota, a bayan wasu 'yan ramuka a jikin dashbod, da siririn tiyo da ke zuƙo mata iskar ɗakin. A wannan zubin na Prius, wato na 2004 zuwa 2009, an haɗa ta da mai auna damshin iska. Akwai ta waje, a gaban kwandensa, wato sashen da ke fitar da zafin gas waje, bayan ragar gaba. Akwai ta hasken rana, ɗan ƙwallon nan da ke saman dashbod kusa da gilashi. Akwai wadda ke maƙale a ebaforeta, wato sashen cikin dashbod da iska ke ratsawa ta yi sanyi, tana auna sanyinsa. Sannan zafin ruwan inji, wanda ake buƙata don ɗumama mota.

Daga waɗannan kwamfutar ke fitar da amsa guda: yaya zafin iskar da za ta fito daga ramuka ya kamata ya kasance a wannan daƙiƙa? Injiniyoyin Toyota da Denso suna kiran wannan amsa TAO. Idan cikin mota ya ɗau zafi, waje ma zafi, rana kuma na dukan gilashi, amsar takan yi ƙasa sosai. Nan take sai kwamfutar ta rufe ƙofar iskar waje ta koma juya ta ciki, ta tura iska zuwa fuska, ta ɗaga fanka, ta kuma nemi kwamfireso ya ƙara gudu. Yayin da ɗakin ke sanyi, amsar na hawa, fanka na sauka da kanta. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan saukar fanka a matsayin lalacewa, alhali aikin ke nan. Haka ma 'yan daƙiƙun da fanka kan yi jinkiri idan an kunna mota da ta sha rana: ana jira ebaforeta ya ɗan yi sanyi ne don kada a watsa wa mutum iska mai zafi a fuska.

Ƙofofin da ke cikin akwatin iska ƙananan motocin lantarki, wato 'yan injinan da wuta ke juyawa, ne ke motsa su: ɗaya na gauraya iskar sanyi da ta ɗumi, ɗaya na zaɓar iskar waje ko ta ciki, ɗaya na zaɓar mafita. Wannan duk akwai shi a motocin fetur masu AUTO. Inda haibrid ta rabu da su shi ne kwamfireso.

Kwamfireso marar fambel

Injin Prius yana mutuwa da kansa a danja da cunkoso. Da a ce fambel ke juya kwamfireso, kamar yadda yake a zubin farko da ya fito a Japan a 1997, to sai dai injin ya ci gaba da aiki ko sanyi ya tsaya. Daga ƙirar 2004 sai aka sa kwamfireso mai motar lantarki a cikinsa. Yana shan wuta daga babban batirin da ke bayan kujerar baya, mai ƙarfin bolt 201.6, wanda aka haɗa daga sassa 28 kowanne bolt 7.2. Inbata, wato na'urar sauya nau'in wuta, ita ce ke mayar da wannan wutar zuwa mai layi uku ta aika masa ta waya mai ruwan lemo. A ƙirar 2004 zuwa 2009 inbatar AC na cikin babban akwatin inbata da ke ƙarƙashin bonet. Daga 2010 aka mayar da ita jikin kwamfireson.

Abu biyu suka biyo bayan wannan. Na farko, babu kulocin da ke kamawa yana saki. Kwamfireson na iya gudu a hankali ko da sauri, gwargwadon abin da kwamfuta ta nema, ba ruwansa da gudun inji. Na biyu, kuma shi ne jigon wannan lamari: naɗin wayar motar lantarkin kwamfireson yana cikin rufaffen gida ɗaya da gas da mai. Gas ɗin ne ke sanyaya wayar, man kuma yana wanke ta kullum. Saboda haka dole man ya zama wanda wuta ba ta ratsa shi. Toyota ta ƙayyade ND-OIL 11. Man da ake sa wa kwamfireson motocin fetur, irin PAG kamar ND-OIL 8, ba ya tare wuta yadda ake buƙata, ga shi da saurin tsotsar damshi. Ba sai an ɗura cikin kwalba ba. Ragowar da ke kwance a tiyon gejin da aka yi wa wata mota aiki da shi yana iya rage ƙarfin tarewar.

Abin da kwamfutar bincike ta nuna

Da aka jona kwamfutar bincike mai iya karanta tsarin haibrid, irin Techstream ta Toyota, lambar da ta fito ita ce P0AA6. Ma'anarta wutar babban batir ta sami hanyar zurarewa zuwa bodin mota. A motar haibrid babban batir ba ya amfani da bodi a matsayin hanyar dawowar wuta kamar yadda ƙaramin batir mai bolt 12 ke yi. Layukansa biyu a keɓe suke, kuma akwai da'irar da ke sa ido a kan wannan keɓewar a kowane lokaci. Idan ta ga rauni, sau da yawa takan bar direba ya kai inda za shi, amma bayan an kashe motar ba za ta yarda ta sake tashi ba.

A nan ne ƙananan na'urorin karanta lamba masu araha ke yaudarar mutane. Suna nuna P0AA6 kawai, da kalmar batir a cikin bayaninta, sai a ce batir ya mutu, a fara cinikin wani. Lambar tana da 'ya'ya. 526 na cewa akwai yoyon wuta a wani wuri. 611 na nuna ɓangaren AC, 612 ɓangaren batir, 613 giya da motocin lantarkin da ke cikinta, 614 kuma layukan babbar wuta da inbata. A wannan motar 526 da 611 ne suka fito.

Bai kamata a tsaya a lamba ba. A cikin bayanan da kwamfutar ke nunawa kai tsaye akwai ƙimar da'irar gano yoyo, wadda kan zauna kusa da bolt 5 idan komai lafiya, ta faɗi idan wuta na zurarewa. Bayan an adana bayanan da suka zo tare da lambar, sai a goge ta, a kunna motar AC a kashe, a duba. Sannan a kunna AC a sake dubawa. Idan ƙimar ta tsaya daram har sai da kwamfireso ya fara juyawa sannan ta sauka, an kama mai laifi. Abin ba lallai ya bayyana kowane lokaci ba, domin idan mota ta kwana, gas mai ruwa-ruwa kan taru a cikin kwamfireso ya ƙara rage tarewar, da rana kuma abin ya lafa. Dalilin ke nan da alamar ba ta kama ranar da aka ƙara gas ɗin ba, har mai motar bai danganta biyun ba.

Tabbaci na ƙarshe shi ne awo da mega, na'urar auna tarewar wuta, a kan bolt 500, tsakanin kowane ɗaya daga bakunan wayar kwamfireso uku da gidansa. Lafiyayye yana ba da miliyoyin om, kuma a gwada abin da aka samu da ƙa'idar littafin gyaran wannan ƙirar. Mita ta yau da kullum ba ta isa wannan aiki ba, don batirinta ƙarami ne, za ta nuna komai ƙalau.

Kafin hannu ya kai ga wayar ruwan lemo akwai matakan da ba a tsallakewa. A kashe motar, a nisanta makullinta. A cire layin negatib na ƙaramin batir, wanda a wannan motar yake cikin but ta ɓangaren dama. A sa safar hannu ta roba mai jure bolt 1,000, bayan an hura ta an tabbatar ba ta huje ba. A zare filogin tsaro mai ruwan lemo daga jikin babban batir, a sa shi a aljihu don kada wani yaron gareji ya mayar. A jira minti goma kafasitocin inbata, masu riƙe wuta, su sauke cajinsu, sannan a auna a ga sifiri. Wajen mayar da filogin, ba ya isa a cusa shi a juya hannun. Sai an zame hannun ƙasa ya yi ƙas, in ba haka ba motar za ta ƙi tashi da wata sabuwar lamba. Kuma duk wanda ke aiki a ƙarƙashin bonet motar na kan READY ya sani inji na iya tashi ba gargaɗi.

To me ya hana sanyi tun farko?

Da aka janye gas ɗin da injin janyewa aka auna a sikeli, ya zarce abin da takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet ta ce. Wannan motar tana ɗaukar gas ɗin R134a kimanin giram 450 ne, bai kai rabin kilo ba, don haka ɗan ƙari kaɗan ya isa ya cika ta fiye da kima. Da alama ke nan ba ƙarancin gas ne matsalar ba.

Matatar iskar ɗaki, wadda ke bayan akwatin gaban fasinja, ta toshe da ƙurar hunturu har ta zama kamar kwali. Ga abin da hakan ke jawowa a tsarin AUTO: iska kaɗan ce ke ratsa ebaforeta, don haka yana yin sanyi da wuri har ya kusa daskarewa. Sensar da ke jikinsa ta sanar, kwamfuta ta rage gudun kwamfireso don kada ƙanƙara ta toshe shi. Mai gyara ya zo ya ji kwamfireso na gurnani a hankali, ya ga geji bai nuna abin da ya saba gani ba, ya yanke cewa gas ne ya ƙare. Kwamfutar daidai ta yi, bisa abin da aka gaya mata.

Kwandensa ma, da ke gaban lagireto, ƙura da ƙwari da guntayen leda sun like ramukansa. A kan buɗaɗɗen titi iskar gudu na taimakawa, amma a cunkoso fanka kaɗai ke aiki, zafi ba ya fita, matsi na hawa. Idan ya kai wajen megafaskal 3.14, kusan psi 455 (duka ma'aunan matsi ne), makunnin tsaron matsi na yanke kwamfireso gaba ɗaya. Haka kuma idan ya faɗi ƙasa da kusan psi 28. Ƙara gas a kan toshewar kwandensa ƙara wa wuta fetur ne. Sensar cikin ɗaki ita ma ta yi gashin ƙura, abin da ke sa ta jinkirin jin sauyin zafi, fanka ta riƙa hawa da sauka ba kan gado.

Geji yana da amfani, amma a kwamfireso mai sauya gudu sai an tilasta masa yanayi guda kafin a yarda da shi: ƙofofin mota a buɗe, zafi a kan LO, wato mafi sanyi, fanka a ƙarshe, iskar ciki na juyawa. A haka, idan iskar da ke shiga tana tsakanin digiri 30 da 35, littafin Toyota na sa ran ɓangaren ƙaramin matsi ya nuna megafaskal 0.15 zuwa 0.25, babban kuma 1.37 zuwa 1.57. A ranar da Kano ta kai digiri 42 lambobin za su ɗara haka ba tare da wata cuta ba. Ɗan gilashin leƙen kumfa ma ba abin dogaro ba ne, domin a irin wannan kwandensa kumfa na ɓacewa tun gas bai cika ba. Sikeli ne alƙali.

An kuma duba wani abu da ya shahara a wannan zubin: famfon lantarki da ke zagaya ruwan sanyaya inbata. Tunda inbatar AC na cikin wannan akwati, idan famfon ya mutu akwatin ya yi zafi, AC na daga cikin abubuwan da ke fara ɗaukewa, daga baya lambar P0A93 ta fito. Toyota ta kira motocin 2004 zuwa 2009 a 2012 don sauya wannan famfo, amma ba kowace kwatano aka kai ba. Gwajin ba shi da wuya: mota a kunne, a leƙa cikin ƙaramin tankin ruwan da ke jikin inbata, a ga ko ruwan na motsi. Na wannan motar yana motsi.

Kwamfutar AC ma tana da nata lambobin, kuma ya kamata a karanta su kafin a taɓa gas: B1411 sensar ɗaki, B1412 ta waje, B1413 ta ebaforeta, B1423 matsi, B1441 zuwa B1443 motocin ƙofofin iska. B1421 ta hasken rana ce, tana kuma fitowa idan an yi binciken a inuwar rumfa, don haka a haska mata tocila kafin a ce ta lalace.

Gyaran

Gurɓataccen mai ba ya tsayawa a kwamfireso. Ya zaga ko'ina tare da gas. Wanda ya sauya kwamfireso kaɗai zai ga sabon ya sha ragowar man, lambar ta dawo. Kwandensan zamani ramukansa sirara ne, jere da juna, ruwan wanki na bin wanda ya buɗe ya bar sauran, saboda haka sauya shi ake yi, tare da jakar tsotse damshi da ke gefensa. Bawul ɗin faɗaɗa gas ma a sauya. Bututun ƙarfe da tiyo ana iya wanke su a busar da naitirojin. Ebaforeta ne ke jawo gardama, don sai an sauke dashbod kafin a kai gare shi, kuma kuɗin aikin ba kaɗan ba ne. Idan gurɓatar daga ragowar tiyon geji ce kawai, ana iya gwada barinsa a sake awo bayan an yi kwanaki ana aiki da motar. Idan kuwa an ɗura man da gangan kamar a nan, barin sa caca ce da kuɗin sabon kwamfireso.

Mai sayen kwamfireso na hannu, a Ƙofar Ruwa ko wata kasuwar kayan gyara, ya tafi da mega ya auna kafin ya biya, ya kuma guji wanda aka bari bakunansa a buɗe. ND-OIL 11 ma yana shan damshin iska, don haka gwangwanin da aka buɗe aka ajiye watanni ba shi da amfani. Sabon kwamfireso yana zuwa da mansa a ciki, sai a daidaita yawan bisa sassan da aka sauya. Man da ya yi yawa yana rage sanyi. Zoben roba duk a sa sababbi, a shafa musu wannan man, ba wani ba.

Bayan an haɗa, a gwada yoyo da naitirojin, a zuƙe iska da famfon zuƙa na aƙalla rabin sa'a, a rufe a ga ko allura ta tsaya. Sannan a ɗura gas da awon sikeli, ta tiyon da ba a taɓa yi wa motar fetur aiki da shi ba. Garejin da ke karɓar haibrid ya ware geji guda ya rubuta a jikinsa. Ƙananan gwangwanayen gas masu haɗe da mai, ko rini, ko maganin toshe yoyo, ba sa shiga wannan mota. A ƙarshe a sake awon mega, a goge lambobi, a sa kwamfutar bincike ta juya kwamfireso a gudu daban-daban ana kallon ƙimar gano yoyo da zafin ebaforeta.

Matata sabuwa, sensar ɗaki a hure ta da iska a hankali. Da tun farko waɗannan aka yi, tare da wanke kwandensa da ruwa marar ƙarfi don kada ganyayensa su lanƙwashe, da aikin bai wuce sa'a guda ba.

Yadda za a riƙa amfani da shi

Motocin Amurka da ma'aunin Faranhait suke zuwa: 75 shi ne kusan digiri 24, 72 kuma kusan 22. Sa shi a LO ba ya sa mota ta fi saurin sanyi a mintunan farko, don a mota mai zafi AUTO ma da iyakar ƙarfinsa yake farawa. Bambancin shi ne LO ba ya sassautawa, kwamfireso na ta jan wuta, inji na yawan tashi don cika batir, fetur na tafiya. Babban batirin bai wuce kilowat-awa 1.3 ba, kuma kwamfuta wani yanki kawai take bari a taɓa. Motar da ta sha rana, a sauke gilasai a yi tafiyar minti ɗaya ko biyu kafin a rufe.

Mai jira a cikin mota da AC ya sa giya a P. A kan N inji ba ya iya cajin babban batir, AC kuwa na ci gaba da sha har gargaɗi ya fito.

Akwai kuma dalilin da ya sa rowar AC ba tanadi ba ce a wannan mota. Babban batir da iskar cikin ɗaki ake sanyaya shi. Wata fanka ce ke zuƙa ta ramin da ke gefen kujerar baya ta dama. Ɗaki mai zafi na nufin batir mai zafi, kuma kwamfuta na rage wutar da ke shiga da fita daga batir mai zafi, sai motar ta yi nauyi, inji ya ƙi hutawa. Kada a toshe ramin da jaka, mayafi ko rigar kujera, kuma fankar na bukatar a kwance ta a share, musamman bayan hunturu.

Da damina, idan gilashi ya yi hazo, a bar maɓallin A/C a kunne, don ebaforeta ne ke matse ruwan da ke cikin iska ya zubar ta tiyon ƙasa. Da sanyin asubar hunturu kuma, wanda ya ɗaga lamba don neman ɗumi zai ji inji ya ƙi mutuwa a danja, fanka ma ta yi shiru na ɗan lokaci. Ɗumin daga ruwan inji yake zuwa, kwamfutar na jiran ruwan ya yi zafi, kuma akwai ƙaramin famfon lantarki da ke ci gaba da zagaya shi idan injin ya tsaya.